Yadda Ake Kallon Malam-Buɗe-Littafi a Bakin Kogin Kaduna

Ka fita da hantsi a ƙarshen damina, wajen Satumba da Oktoba, domin malam-buɗe-littafi ba ya tashi sosai sai rana ta ɗumama jikinsa. Ka nemi yashi mai danshi a bakin kogi, inda sukan taru suna tsotsar gishirin ƙasa, sannan ka tsuguna a hankali yadda inuwarka ba za ta faɗa kansu ba. Ina roƙonka kada ka kama shi, saboda garin nan da ke manne wa yatsa shi ne rufin fikafikansa, kuma idan ya goge ba ya dawowa. Idan ka yi shiru, kana iya ganin balbela ko guza, amma ka kula da macizai cikin ciyawa.