Yadda ma'aikata za su tsayar da nasu ɗan takara, kuma linzaminsa ya zauna a hannunsu

Shekara 27 na yi ina walda a masana'anta, 11 daga ciki ni ne wakilin sashenmu a ƙungiyar ƙwadago. Mutum biyu muka taɓa tsayarwa takarar kansila daga cikinmu. Na farkon ya ci zaɓe, mu muka faɗi. Ta biyun ta sha ƙasa a karon farko, ta ci a na biyu, kuma har gobe in na kira ta tana ɗaukar waya. Abin da zan faɗa muku a wurin mutanen nan biyu na koye shi, na farkon ma ya fi koya mini.

Kada ku fara da maganar zaɓe. Ku fara da littafi. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. Duk wanda ya zo da kuka a rubuta: sunansa, ranar, abin da ya faru, wanda ya shaida. Mu namu kukan na farko tabarau ne. Gilashin walda ɗaya mutum uku ke karɓa-karɓa, da dare ido ya yi ta zubar da ruwa kamar an watsa yashi. Wata huɗu muna rubutawa, sannan muka ajiye wa manaja littafin a tebur da sunan mutum 19 da suka je asibiti. Cikin mako biyu aka kawo tabarau. Abin bai taka kara ya karya ba, amma daga ranar mutane suka yarda cewa in an haɗu ana samu. Wanda bai taɓa ganin haɗin kai ya kawo masa ko safar hannu ba, ba zai ba ku ƙuri'arsa don kun ce ku 'yan'uwansa ne ba. Ku nemi kuma sanin kariyar da doka ta ba wakilin ma'aikata a ƙasarku. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da yarjejeniya mai lamba 135 ta 1971 wadda ta ce kada a kori wakili saboda aikin wakilci, sai dai tana aiki ne a ƙasar da ta amince da ita.

Sai zaɓen mutum, kuma a nan muka yi ɓarin farko. Mun ɗauki wanda ya fi kowa baki. In ya hau benci yana magana, har foman tsayawa yake yi ya saurara. Ba mu tambayi kanmu ko ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya kawo lissafi ba. Bai taɓa ba. Wata shida da rantsar da shi ya canza lambar waya. A karo na biyu tambayoyi biyu kawai muka yi: wa ake nema in inji ya kama hannun wani da tsakar dare, kuma wa ya riƙe asusun taimakon juna ba a taɓa jin ƙishin-ƙishin ba? Amsar ta faɗa kan wata mata a sashen shirya kaya, wadda in ta tashi magana a taro muryarta rawa take yi. Magana ana koyonta. Amana kuwa sai dai a tarar da ita.

Ku dubi Lula da Silva na Burazil. Mai aikin injin ƙarfe ne, a bakin aiki ya rasa yatsa ɗaya. A 1975 ya zama shugaban ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta yankinsa, ya ja yajin aiki, aka tsare shi a 1980, shekarar da suka kafa Jam'iyyar Ma'aikata. Kafin ya nemi ƙuri'ar kowa, mutanensa sun riga sun gan shi a rana da inuwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: kuɗi da lokaci. Ba rashin basira ke hana lebura shiga majalisa ba. Lauya ko ɗan kasuwa zai iya rufe ofis wata uku ya yi yawon neman ƙuri'a, ya dawo ya tarar da abinsa. Mai albashin wata in ya yi fashin kwana uku an yanke, in ya yi mako biyu an ba wani gurbinsa. Wannan ba sabon abu ba ne. A Ingila, takardar buƙatu shida da ma'aikata suka fitar a 1838 ta ƙunshi biyu a kan wannan matsala kai tsaye: a daina sharɗanta mallakar dukiya kafin mutum ya zama ɗan majalisa, kuma a riƙa biyan 'yan majalisa albashi. Sharɗin dukiya ya faɗi a 1858. Albashi kuwa sai a 1911 aka fara, fam 400 a shekara. To a tsakani wa ya ciyar da iyalan ma'aikatan da suka shiga majalisa? 'Yan'uwansu. Thomas Burt, mai haƙar kwal da ya ci zaɓe a 1874, ƙungiyar mahaƙa ce ke biyansa, kuma ya riƙe kujerar har 1918.

Abin da muka kwaikwaya ke nan. Kowa ya sa kuɗin aikin awa ɗaya a wata, shekara guda kafin zaɓe. Mutum uku ke sa hannu kafin a fitar da ko nawa ne, kuma kowane ƙarshen wata a manna lissafi inda kowa zai gani. Mun raba aikin daren 'yar takararmu tsakanin mutum shida don ta samu yammaci ta shiga gidaje. Ta nemi hutu ba albashi a rubuce, aka amsa a rubuce, muka ajiye kwafi. Kada ku yarda da alkawarin baki a nan, ko da manajan mutumin kirki ne, don gobe ana iya canza shi. Mun kuma sa iyaka: ba mai ba da gudummawar da ta wuce ta mutum goma. Wani ɗan kwangila ya zo da tayin ɗaukar nauyin komai, har da motoci. An yi ta gardama har dare, wasu na cewa mu karɓa mu yi abin gabanmu. Muka mayar masa. Na farkonmu irin wannan tayin ya karɓa, shi ya sa da ya canza lamba akwai wanda ya ba sabuwar, ba mu ba.

Kafin ku taɓa kuɗin ƙungiya, ku tambayi wanda ya san doka. Ƙasashe da yawa sun raba kuɗin ƙungiyar ƙwadago da kuɗin siyasa. A Ingilar ma, hukuncin kotu na 1909 ya hana ƙungiyoyi kashe kuɗinsu kan siyasa, sai dokar 1913 ta buɗe ƙofa da sharɗin asusu na daban. Ma'aikacin gwamnati kuma a wurare da dama sai ya ajiye aiki kafin ya tsaya. A bincika tun wuri.

Jam'iyya ko kai tsaye? Ya danganta da dokar ƙasarku, don wasu ba su yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. In dole sai jam'iyya, ku shiga da yawa tun kafin zaɓen fid da gwani, ku yanki kati, ku riƙa zuwa taron mazaɓa. Mutum ɗaya baƙo ne, mutum ɗari kuwa masu gida ne.

Za a zo a ce a gyara muku ɗan takara. A canza masa sutura, a koya masa maganar manya, ya daina cewa shi lebura ne. Ku ƙi. Keir Hardie, wanda ya shiga ramin kwal tun yana yaro, ranar da ya fara zuwa majalisar Birtaniya a 1892 bai sa doguwar hula da baƙar kwat irin ta sauran ba, ya je da kayansa na yau da kullum, jaridu suka yi ta surutu. Tamu 'yar takarar a kowane taro da lissafin albashinta take farawa: ga abin da ke shigowa, ga haya, ga kuɗin mota, ga ranar da yake ƙarewa. Ba wanda ya taɓa tashi ya bar wurin. Amma fa kada a mai da rashin sani abin alfahari, wannan ni ba na tare da shi. Mun samo wani akawu mai ritaya ya zauna da ita kowane mako yana koya mata karanta kasafin kuɗi da ƙa'idojin zaman majalisa. Wanda bai iya karanta kasafi ba, a gabansa za a raba kuɗin asibitin unguwarsa yana murmushi.

Ku faɗaɗa kalmar "mu". Masu takardar ɗaukar aiki na dindindin ba su isa cin akwati ba, kuma ba su kaɗai ke cin guminsu ba. Masu shara, 'yan aikin wucin gadi, direbobi, masu dako, masu gadi, matan da ke aikin gidajen mutane, duk naku ne. Na ji kunya ranar da wata mai shara ta ce mini shekara tara tana goge ofishin ƙungiyarmu ba a taɓa gayyatarta taro ba. Za a kuma gwada raba ku da ƙabila ko addini, kuma sau da yawa daga cikinku za a samu mai ɗaukar saƙon. Maganinsa littafin nan na farko: a buɗe a karanta sunayen waɗanda suka ji rauni, a ga ko inji ya taɓa tambayar wani yarensa.

Ku sa a ranku za ku iya faɗuwa. Lula ya faɗi takarar shugaban ƙasa a 1989 da 1994 da 1998 kafin ya ci a 2002. Da muka faɗi, washegari muka tattara sakamakon kowace rumfa daga wakilanmu, muka ga inda aka san mu da inda ba a taɓa jin sunanmu ba. Asusun bai tsaya ba, ko wata ɗaya.

In kuma an ci, aikin riƙe linzami ya fara. Kafin zaɓe mun rubuta yarjejeniya shafi ɗaya 'yar takararmu ta sa hannu: duk wata uku za ta dawo ɗakin taron ƙungiya, ta faɗi abin da aka kawo majalisa, yadda ta kaɗa ƙuri'a da dalili, sannan ta amsa tambaya. Takardar ba ta da ƙarfi a kotu, ƙarfinta idon jama'a ne. Kada ku ɗauka asalin mutum zai tsare muku shi. Lech Wałęsa, mai gyaran lantarki a tashar ƙera jiragen ruwa ta Gdańsk, ya ja yajin aikin 1980, ya zama shugaban Polan a 1990, amma da ya sake tsayawa a 2000 kashi ɗaya cikin ɗari kawai ya samu. Ita ma wadda aka zaɓa tana da nata haƙƙin a kanku: kada a mai da ita asusun biki da suna. Mun hana kowa zuwa gidanta neman kuɗi, mai buƙata ya zo asusun taimakon juna.

A zaman da ya wuce wani yaro daga sashen fenti ya tsare ta kusan rabin awa kan dalilin da ya sa ta goyi bayan ƙarin harajin rumfunan kasuwa. Ta yi bayani, bai gamsu ba, ta ce a sa a ajandar zama mai zuwa za ta zo da takardun. Bayan an tashi na kira shi gefe na miƙa masa littafin koke na sashensu, don mai riƙe da shi zai yi ritaya a ƙarshen shekara.