Darasi na 7: Gadu a Gona

Duk manomin da gonarsa ke gefen dajin Yankari, a Mainamaji ne ko Duguri ko wani ƙauye na ƙaramar hukumar Alkaleri, ya san irin wannan safiya. Ka je gona ka tarar an tone gyaɗa, an kwantar da masara, ƙasa ta zama kamar an bi ta da garma. Abin da ke fara zuwa baki shi ne, "Shanu ne!" Dakata tukuna, Malam. Zargin da aka yi cikin fushi yana iya haɗa manomi da makiyayi faɗa, alhali mai laifin yana can cikin raminsa yana barci.

Fara da sawu

Kafin ka ɗaga murya, sunkuya ka duba ƙasa. Sawun gadu yana da kofato biyu kamar na akuya, sai dai ya fi faɗi, bakinsa kuma ba shi da tsini sosai. Saniya figa take yi ta sama, ta bar babban sawu da kashinta a fili. Gwaggon biri karya zangarniya yake yi, ya ɗan ci ya yar, ya karyo wata. Beguwa kan bar ƙayarta. Shi kuwa gadu, wanda wasu ke kira mugun dawa, durƙusawa yake yi a kan gwiwoyinsa na gaba, ya sa hanci ya tone saiwa. In akwai kududdufi kusa, za ka ga inda ya yi birgima a taɓo, da bishiyar da ya goga jikinsa.

Gadu da rana yake kiwo, da dare ya shige rami, yawanci tsohon ramin dabgi, kuma da baya yake shiga don haurensa ya fuskanci ƙofa. Saboda haka kada yaro ya tsaya a bakin irin wannan rami yana leƙe. Inda mutane suka matsa masa kuwa, sai ya koma fita da dare.

Namu daban, nasu daban

A Amurka ma ana fama da aladen daji, ɗan'uwan gadu, sai dai shi baƙo ne a can. Turawan Sifaniya ne suka kai aladu Fulorida a 1539, wasu suka kuɓuce suka shiga daji. Yau an ƙiyasta sun kai miliyan 6, kuma jihar Tekzas ce ta fi kowace yawansu. Uwar takan haihu har sau biyu a shekara, don haka masana can suka ce sai an cire kusan kashi 70 cikin 100 kowace shekara kafin yawansu ya tsaya wuri ɗaya. Sun kuma gano cewa harbin ɗaya ɗaya wayo yake koya wa sauran. Shi ya sa suke ɗaura kyamara a bishiya su ƙirga garken, su zuba abinci kwana da kwanaki, sannan su rufe garken gaba ɗaya a cikin keji.

Gadunmu ba baƙo ba ne. Tun kafin a keɓe Yankari a 1956 yana nan, kuma sau ɗaya tak macen ke haihuwa a shekara, 'ya'ya biyu zuwa huɗu. Farauta a cikin gandun laifi ce a doka. Aikinmu shi ne mu raba shi da amfanin gona. Abin da za mu ara daga Amurkawa ƙirga ne da rubutu, kuma nan ne zuwanka wannan aji zai yi maka rana.

Littafin gona

Sayi littafi mai shafi 40, ka ware shi don wannan aiki kawai. Duk ranar da aka yi ɓarna, rubuta kwanan wata, da abin da aka ci, da kunya nawa, da gefen da aka shigo. Ga misali:

"12 ga Satumba. Gyaɗa, kunya 9. Ta gabas, wajen rafi. Sawu manya 2, ƙanana 3."

Ba sai rubutun ya yi kyau ba. In an yi wata guda, ku maƙwabtan gona ku zauna ku haɗa littattafanku. A nan za ku ga abin da mutum ɗaya ba zai gani ba, wato garke ɗaya ne ke zagaya ku duka ko biyu ne, kuma ta wace hanya yake bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kai kaɗai ka toshe, gonar ɗan'uwanka ka tura su.

Da kun san hanyar, sai ku tara ƙarfinku a kanta. Ku yi shingen ƙaya mai kauri, ku danne ƙasansa da duwatsu, domin gadu ta ƙasa yake kutsawa. Ku share ciyawa tsakanin gona da daji. Ku rataya gwangwanaye masu tsakuwa a igiya, ku raba kwanakin gadi daga lokacin da gyaɗa ta fara ƙosawa. Sai dai ku riƙa sauya wa gwangwanayen wuri, don dabbar da ta saba da ƙara ba ta ƙara jin tsoronta.

Guba kam, a ganina, babu wautar da ta kai ta. Karenka zai ci, ungulu za ta ci gawar, ruwan sama ya wanke saura zuwa rafin da ake shayar da dabbobi. Tarkon waya shi ma ba ya zaɓe.

In ɓarna ta yi yawa, ɗauki littafin ka je wurin mai unguwa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ya same mu a wata guda, a rubuce. Muna so a sanar da masu tsaron gandu da malamin gona."

Aikin gida: zana gonarka a shafin farko, ka sa alama a gefen da ke kallon daji. Ka zo da littafin ranar aji mai zuwa.