Yadda za ka zana faɗuwar rana da shamuwa da tawadar alkohol

Tawadar alkohol launi ne da aka narkar a cikin alkohol maimakon ruwa. Takarda ta yau da kullum tana shanye wannan tawada nan take. Saboda haka nemi takardar Yupo, wadda da roba ake yin ta, ko farin tayil mai santsi. Tanadi tawada shuɗiya, ja da ruwan goro, alkohol na isopropil (na goge-goge da kashe ƙwayoyin cuta, ba na sha ba) mai ƙarfin kashi 91 ko 99 cikin ɗari, da bututun shan lemo.

1. Buɗe tagogi, ka nisanci murhu da duk wata wuta, don alkohol yana saurin kamawa. Sa safar hannu.

2. Jiƙa saman takardar da alkohol, ka ɗiga shuɗi sau uku, sannan ka karkata ta a hankali launin ya gangaro.

3. A ƙasa ɗiga ja da ruwan goro. Hura su da bututun zuwa sama. Kada ka bari ruwan goro ya daɗe yana cuɗanya da shuɗi, launin zai koma kamar laka. Bar ja a tsakaninsu. A nan ne kyan zanen yake, don haka kada ka yi gaggawa.

4. Don gajimare, ɗiga alkohol zalla a kan shuɗin bayan ya bushe. Zai ture launin gefe ya bar farin fili.

5. Da baƙin alƙalami mai siririn baki, zana shamuwa uku ko biyar suna shawagi, na nesa ƙanana, na kusa manya.

6. Rataye shi inda rana ba ta bugawa, domin haskenta yana kashe launin.