Yadda Ake Duba Boris da Shafa Giris a Sassan Sarrafa Jirgin Sama

Duk motsin da matuƙin jirgi ya yi da hannu ko da ƙafa sai ya bi ta wayoyi da sanduna da mahaɗai kafin ya isa ga faifan da ke gefen fiffike ko na wutsiya, wanda motsinsa ke juya jirgin, kuma kusan kowace mahaɗa tana ɗauke da boris, wato abin da ke sa sassa biyu su motsa a kan juna cikin sauƙi. Irin wannan boris ba ya juyawa kamar na taya. Yana ɗan karkata ne gaba da baya a wuri guda, shi ya sa giris ke kaucewa daga inda nauyi ya sauka, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe ba tare da an ji ƙara ba.

Kafin a taɓa komai, sai a buɗe littafin gyaran wannan samfurin jirgin, domin a nan ne aka rubuta irin giris ɗin da ya halatta da iyakar girgiɗin da aka yarda da shi. A sauke matsin haidurolik, a rataya alamar gargaɗi a ɗakin matuƙa, don kada wani ya motsa sitiyari alhali hannun bakanike yana cikin mahaɗa.

Daga nan a goge wurin a duba da fitila. Jan gari mai kama da tsatsa a bakin boris, ko baƙin gari a jikin alminiyam, alama ce ta cewa sassa biyu suna gugar juna a bushe. A motsa faifan a hankali daga farko har ƙarshen tafiyarsa, yatsa yana kan mahaɗar; idan an ji gargada ko cijewa, boris ɗin ya fara lalacewa daga ciki. Girgiɗi kuwa ba a yanke masa hukunci da hannu. A kafa ma'auni mai allura, a auna motsin ta gefe da ta tsawo, a rubuta adadin, domin kwatanta awon yau da na bara ne ke nuna saurin zaizayar.

Wajen shafa giris ne aka fi yin sakaci, saboda ana ɗaukarsa ƙaramin aiki. A fara tantance irin boris ɗin, domin wanda aka yi wa shimfiɗar Teflon, wata roba mai santsi, ba ya buƙatar giris, sa masa ma tara ƙura yake yi, wanda aka rufe tun daga masana'anta kuma canza shi ake yi. Ga mai bakin giris, a goge bakin tsaf, a ɗora famfon, a yi ta matsawa a hankali har sai tsohon giris ya gama fita, sabo mai tsabta ya bayyana ta ɗaya gefen. Idan famfon ya yi tauri ko giris ya dawo ta baki, hanyar ta toshe, kuma aikin bai yiwu ba komai yawan matsawar da aka yi. A ganina, bai kamata kowa ya sa hannu a takarda ba matuƙar bai ga fitowar sabon giris da idonsa ba. Kada a gauraya giris iri biyu sai littafin ya amince, a kuma share rarar da ta fito, musamman a filayen jirgi irin na Kano da Yamai inda ƙurar hunturu ke mannewa ta mayar da giris tamkar yashin gugar ƙarfe. Bayan wankin jirgi ma a sake dubawa, domin ruwa mai ƙarfi yana kore giris.

Hatsarin jirgin Alaska Airlines mai lamba 261 ya nuna inda sakacin ke kaiwa. Ranar 31 ga Janairun 2000 jirgin, samfurin MD-83, ya faɗa tekun Fasifik kusa da gaɓar Kalifoniya, mutane 88 da ke ciki duka suka rasu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa tiredin notin da ke riƙe da sandar daidaita wutsiya, wato haƙoran da ke cikinsa, ya cinye saboda ƙarancin giris, an kuma tarar da hanyar giris ɗin notin a toshe da busasshen datti. Kamfanin ya tsawaita tazarar shafa giris da ta awon girgiɗi, don haka babu wanda ya sake auna notin tun watan Satumban 1997.

Idan an canza boris ko an kwance wata mahaɗa, a ɗaure noti daidai da awon da littafi ya faɗa, a mayar da fil ko wayar kulle, sannan wani injiniya na biyu mai lasisi ya duba aikin da kansa, ya tabbatar faifan yana tafiya cikakkiya kuma ta ɓangaren da ya dace kafin a sallami jirgin.