Yadda ake tayar da tsofaffin wasannin pinball a kwamfutar gida

Duk wanda ya yi zaman kafe a Kano lokacin Windows XP ya san teburin nan da ake harba ƙwallon ƙarfe yana ta karo da fitilu, wato Space Cadet. Microsoft ta cire shi tun daga Windows Vista, amma har gobe yana tashi, kuma ko kwamfutar hannu mafi araha a Beirut Road ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Da shi za ka fara, don ba ya buƙatar wata manhaja. Nemi tsohuwar kwamfuta mai XP, shiga Program Files, sai Windows NT, za ka ga folda mai suna Pinball. Kwashe ta dungurungum a filashi. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ɗaukar pinball.exe kaɗai, alhali teburin kansa yana cikin PINBALL.DAT, sautukan kuma fayiloli ne daban. Kafin ka buɗe filashin a taka, ka tace shi tukuna, tsohuwar XP matattarar bairos ce. Da Z da / ake ɗaga filafilan biyu da ke ƙasan tebur masu bugo ƙwallo sama, a riƙe dogon maɓallin ƙasa a saki don harba ƙwallo, F2 kuma sabon wasa.

Na zamanin DOS, tsohon tsarin kwamfuta na kafin Windows, sun fi daɗi, amma sai an ɗan sha wuya. Akwai Pinball Fantasies na kamfanin Digital Illusions na Suwidin, wanda ya fara fitowa a kwamfutar Amiga a 1992 da tebur huɗu, da Epic Pinball na 1993. Windows mai bit 64 ba ta karanta su, sai ka sauke DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, kyauta ne, megabait kaɗan. Buɗe folda a C ka sa mata suna wasa, kada sunan ya wuce harafi takwas, don DOS na gutsure abin da ya ɗara. Zuba wasan a ciki, buɗe DOSBox ka rubuta:

mount c c:\wasa

Sai ka rubuta c: sannan dir don ganin jerin fayiloli, ka nemo fayil mai ƙarewa da EXE ko BAT ka rubuta sunansa. In wasan ya tambayi saitin sauti, zaɓi Sound Blaster, 220, IRQ 7, DMA 1. Lamba ɗaya ta kauce, shiru za ka ji.

Ƙwallo na tafiya kamar ana jansa? Ctrl da F12 na ƙara gudu, Ctrl da F11 na ragewa. A wasu laptop sai an haɗa da Fn. Kuma in NEPA ta ɗauke wuta ka koma batir, Windows na rage wa injin ƙarfi, sai hoton ya riƙa tsinkewa.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne Shift. Yawancin wasannin DOS da shi ake buga filafili, Windows kuwa da ta ji an danna shi sau biyar a jere sai ta jefo akwatin Sticky Keys, ƙwallo ya zurare kana kallo. Kashe wannan gajeriyar hanya a saitin kibod kafin ka soma.

Girgiza tebur da maɓallin da wasan ya tanada na ceton ƙwallo, amma ka yi sau ɗaya ka dakata. In ka jera, TILT zai fito, filafilai su mutu har sai ƙwallon ya faɗa.