Babi na Bakwai: Yadda Ake Shirya Tafiyar Hutu ta Farko Zuwa Bakin Tabki da Tsibiri

Wannan babi na waɗanda suka riga suka iya haɗa baƙi da wasali ne, suka kuma san lambobi daga 1 zuwa 100. Za mu shirya tafiyar hutu ta kwana biyar a lokacin zafi, wato tsakanin Yuni da Agusta, a arewacin jihar Mishigan ta ƙasar Amurka, inda za mu ratsa garuruwa uku na bakin tabki, sannan mu hau jirgin ruwa mu shiga tsibirin Mackinac. Kowa ya ɗauko littafin rubutunsa da fensir da magogi. Magogin ya fi komai muhimmanci a yau, domin za a yi kuskure a goge, kuma babu kunya a cikin haka, tun da gemu ba ya hana ilimi.

Darasi na 1: Sunayen wurare da jerinsu

Ku buɗe taswirar da ke gabanku, ku ajiye ta yadda rubutun zai miƙe daidai, ba a kife ba. Saman takarda shi ne arewa, ƙasanta kudu, hannun dama gabas, hannun hagu yamma. Wurin da aka shafa wa shuɗi ruwa ne. Babban shuɗin da ke hagu shi ne Tabkin Mishigan, na dama kuma Tabkin Huron, kuma can sama inda suka haɗu ta wani matsattsen mashigi, nan tsibirinmu yake.

Ku ɗora yatsa a kan Traverse City, garin da za mu fara kwana. Ku bi jan layin da aka rubuta wa lamba 31 zuwa sama, wannan layin shi ne hanyar mota. Za ku fara tarar da Charlevoix bayan kimanin mil 50, sai Petoskey bayan kimanin mil 17, daga nan kuma a ci gaba arewa kimanin mil 36 zuwa Mackinaw City, inda ake hawa jirgi. A Amurka da mil ake auna tafiya, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6. Ku kwafi sunayen nan huɗu a littafinku, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, bisa jerin da muka bi.

Akwai sunaye biyu masu kama da juna da ke rikita ɗalibai. Mackinaw City, mai harafin w a ƙarshe, gari ne a kan tudu wanda mota take zuwa. Mackinac, mai harafin c a ƙarshe, shi ne tsibirin da ke cikin ruwa. Rubutunsu ya bambanta, amma dukkansu Makino ake furtawa. Ku ja layi a ƙarƙashin w, ku ja wani a ƙarƙashin c. Haka kuma akwai babbar gada mai suna Mackinac, wadda aka buɗe a 1957, tsawonta kusan mil 5, amma ba tsibirin take zuwa ba, tana tsallakawa ne zuwa garin St. Ignace da ke ɗaya gaɓar. Wanda ya hau gadar da niyyar shiga tsibiri zai biya kuɗin gada ya tsinci kansa a wani gari, ko da yake a can ma akwai tashar jirgin ruwa.

Darasi na 2: Kwanan wata da kama ɗaki

Lokacin zafi shi ne lokacin cunkoso a waɗannan garuruwa, saboda haka ana kama ɗakin otal tun watanni kafin tafiya. Makon farko na Yuli ya fi kowane cika, domin ranar 4 ga wata ce ranar 'yancin kan Amurka, kuma a daidai wannan lokaci Traverse City take yin bikinta na 'ya'yan itacen ceri na shekara-shekara. Mai tafiyar farko ya fi masa sauƙi ya kauce wa wannan mako.

Yanzu ku natsu. A takardun Amurka, wata ake fara rubutawa, sannan rana. Idan kun ga 7/8, ma'anarsa 8 ga Yuli, domin Yuli shi ne wata na 7. Wanda ya karanta shi a matsayin 7 ga Agusta zai iso otal bayan wata guda da wucewar ranarsa. Ku rubuta waɗannan da kalmomi: 6/12, 7/20, 8/3. Amsa ita ce 12 ga Yuni, 20 ga Yuli, 3 ga Agusta. Wanda ya samu biyu daidai ya yi ƙoƙari, ya goge ta ukun ya sake.

A otal dare ake ƙirgawa, ba wuni ba. Wanda ya shiga ranar Litinin ya fita ranar Laraba, dare biyu ya yi, kuma kuɗin dare biyu zai biya. Kafin ku biya, ku nemi a nuna muku ranar ƙarshe da za a iya fasa ɗakin a mayar da kuɗi, ku rubuta ta a littafinku tare da lambar da aka ba ku ta shaidar kama ɗaki.

Darasi na 3: Karanta jadawalin jirgin ruwa

Wannan shi ne darasin da na fi son ku riƙe, kuma a nan na ga ɗalibai sun fi yin tuntuɓe shekara da shekaru, har waɗanda karatunsu ya yi kyau a wasu wurare. Tsallakawa daga Mackinaw City zuwa tsibiri ba ta da nisa, kimanin minti 20 ce. Wahalar ba ta cikin ruwa, tana cikin takardar.

Jadawalin jirgi yana da ɓangare biyu. Ɓangare ɗaya yana nuna lokacin da jirgi yake tashi daga gari zuwa tsibiri, ɗayan kuma yana nuna lokacin da yake tashi daga tsibiri ya komo gari. Lambobin da ke cikinsu suna kama da juna, abin da ya raba su kawai shi ne sunan da aka rubuta a samansu. Saboda haka ƙa'idar ita ce: kafin idonku ya sauka a kan kowace lamba, ku ɗora yatsa a kan sunan da ke sama, ku tambayi kanku, a ina nake tsaye yanzu? Idan kuna tsaye a gari, ɓangaren da ke ɗauke da sunan gari za ku karanta. Idan kuna tsaye a tsibiri, ɓangaren da ke ɗauke da sunan tsibiri za ku karanta.

Ga jadawalin gwaji da na tsara don aji kawai, kada wanda ya yi tafiya da shi.

Tashi daga Mackinaw City: 8:00 AM, 10:30 AM, 12:30 PM, 4:00 PM, 7:30 PM.

Tashi daga tsibirin Mackinac: 9:00 AM, 11:30 AM, 2:00 PM, 5:00 PM, 7:00 PM.

Haruffan AM suna nufin daga tsakar dare zuwa kafin sha biyun rana, PM kuma daga sha biyun rana zuwa kafin tsakar dare. Ku lura da 12:30 PM, wannan sha biyu da rabi na rana ne, ba na dare ba.

Tambaya ta farko: kun kwana a Mackinaw City, kun gama karin kumallo ƙarfe 9 na safe, wane jirgi za ku hau? Kada ku yi sauri. Yatsa a kan sunan da ke sama tukuna. Kuna tsaye a gari, saboda haka layin farko za ku bi. Na ƙarfe 8:00 ya wuce, sai na 10:30. Wanda ya ce na ƙarfe 9:00 ya karanta layin tsibiri, alhali bai ko isa tsibirin ba. Ba komai, ya goge ya sake.

Tambaya ta biyu: kuna tsibiri, kun ci abincin rana, agogo ya nuna 12:15, kuna son komawa gari. Yatsa a kan suna. A ina kuke tsaye? A tsibiri. Layi na biyu ke nan, jirginku kuwa shi ne na 2:00 PM. Na san akwai waɗanda idonsu ya faɗa kan 12:30 domin ita ce ta fi kusa da 12:15, amma wancan jirgin daga gari yake tasowa, ba zai ɗauke ku daga tsibiri a wannan lokacin ba.

Tambaya ta uku ita ce uwar tambayoyin: wane ne jirgin ƙarshe da zai fitar da ku daga tsibiri? Amsa ita ce 7:00 PM. A ajin da na koyar a baya, wani dattijo mai himma ya amsa da 7:30, da na tambaye shi dalili sai ya ce ita ce ta ƙarshe a lokaci a duk takardar. Lallai ita ce ta ƙarshe a lokaci, amma a layin gari take. Da a tafiya ta gaske ce, da ya iso tasha ƙarfe 7:20 da iyalinsa ya tarar jirgi ya tafi tun minti 20 da suka wuce, motarsa da ɗakin da ya biya suna ɗaya gaɓar, ga shi ɗakin kwana a tsibiri a lokacin zafi yana da tsada kuma samunsa da daddare ba tabbas. Wani abin da ke ƙara yaudarar baƙo shi ne, a wannan yanki rana ba ta faɗuwa a Yuni da Yuli sai bayan ƙarfe 9 na dare, mutum ya dubi sama ya ga haske ya ɗauka da sauran lokaci. Agogo za ku duba, ba rana ba.

Mu sake faɗa tare, da murya: yatsa a kan suna, sannan lamba. A sake. Yatsa a kan suna, sannan lamba. Ku rubuta wannan jimla sau biyar a littafinku. Na ga wasu suna murmushi suna ganin maimaicin ya yi yawa, to, a makon jiya ma haka kuka yi murmushi a darasin agogo, da na duba littattafai kuwa rabin aji ba su yi aikin gida ba. Ni ba zan bi ku tashar jirgi ba, kuma ma'aikacin tasha ba zai tsayar da jirgi domin wani ya karanta layin da ba nasa ba. Wanda bai rubuta jimlar sau biyar ba kada ya wuce zuwa darasi na gaba.

Saura abu biyu. Jadawali yana canjawa da kwanan wata, jiragen tsakiyar Yuli sun fi na farkon Yuni yawa, saboda haka ku duba kwanakin da aka rubuta a saman takardar, ku tuna wata ne a gaba sannan rana, ku tabbata ranar tafiyarku tana cikinsu. Sannan ku lura da sunan garin da kuka bar motarku, domin daga tsibiri wasu jiragen Mackinaw City suke zuwa, wasu St. Ignace. A nan ma suna za a fara karantawa kafin a shiga layi.

Darasi na 4: Wuni guda a tsibiri

An hana motoci yawo a tsibirin Mackinac tun 1898, har yau kuma da ƙafa ake zirga-zirga, ko da keke, ko da keken doki. Motarku za ta tsaya a filin ajiye motoci na tashar jirgi, kuma ku gaya wa ma'aikaci ko wuni za ku yi ko kwana, domin ajiyar ta bambanta. Hanyar da ta kewaye tsibirin kimanin mil 8 ce, ana hayar keke a kusa da tasha bisa awa, don haka ku rubuta lokacin da kuka karɓi keken. Akwai tsohon sansanin soja da Turawan Ingila suka gina a 1780 a kan tudu, da kuma babban otal mai suna Grand Hotel wanda aka buɗe a 1887.

Da zarar kun sauka daga jirgi, tun kafin ku je ko'ina, ku tsaya gaban allon jadawali, ku ɗora yatsa a kan sunan tsibiri, ku kwafi lokacin jirgin ƙarshe da na wanda ke gabansa. Na gaban shi za ku yi niyyar hawa, na ƙarshen ku bar shi don ko ta kwana.

Darasi na 5: Kaya da kuɗi

Ko a Yuli iskar tabki tana da sanyi da safe da dare, musamman a saman jirgi, saboda haka kowa ya riƙe rigar sanyi. A ɗauki takalmin da ba ya cin ƙafa. Ruwan Tabkin Mishigan yana da sanyi kuma yana da igiyar ruwa mai jan mutum ciki, idan kun ga jar tuta a bakin ruwa kada kowa ya shiga.

Ku ja layi biyar a littafinku, ku rubuta masauki, man mota, abinci, tikitin jirgi na zuwa da dawowa, hayar keke. Ku sa adadin dala a gaban kowane, ku haɗa jimla kamar yadda muka koya a babi na huɗu.

Darasi na 6: Garuruwan hanya

A Charlevoix akwai gada a tsakiyar gari da ake ɗagawa don jiragen ruwa su wuce, motoci su jira. A Petoskey mutane suna tsintar wani dutse mai zane a bakin ruwa, wanda ake kira da sunan garin. Yamma da Traverse City kuma akwai manyan tuddan yashi na Sleeping Bear. Ku nemo wuraren nan uku a taswira da kanku.

Aikin gida: ku sake amsa tambayoyi uku na darasi na 3 ba tare da duba amsa ba, ku kawo littattafanku ranar aji mai zuwa.