Yadda ake gano inda ruwan inji ke yoyo a tsohuwar mota, da yadda ake gyara shi

Motar da ake ƙara wa ruwa kowace safiya tana da rauni a wani wuri, ko da ba a ga ɗigo a ƙasa ba. A Damagaram, inda zafi kan wuce digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, lita ɗaya da ta zube a hanyar Tanut ko ta Gure ta isa ta ƙona kan inji. Aikin farko shi ne gano ainihin wurin yoyon kafin a sayi komai, don sau da yawa akan canza lagireto (tankin da ke sanyaya ruwan inji a gaban mota) sukutum alhali laifin na murfinsa ne.

Kada a buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan ciki yana matse, yakan wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba, kuma da an saki murfin sai ya yi tsartuwa a fuska da hannu. A bari motar ta huce, aƙalla awa ɗaya, har tiyon sama ya yi laushi in an matsa shi.

Da yamma a cika ruwa, a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin inji, a bar motar ta kwana. Da safe kwalin zai nuna gefen da ɗigon yake. Ruwan sanyaya inji yana da launi, kore ko ja ko shuɗi, da ɗan santsi a yatsa. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya cikin mota (AC) fari ne tas, wannan ba ciwo ba ne. In ruwan famfo kaɗai ake zubawa, to a nemi tabon tsatsa ko farin busasshen gishiri da ya bi jikin ƙarfe. A haska tocila a bi tabon zuwa sama, domin ruwa yakan gangara nesa da inda ya fito.

A fara da murfi. Yawancin tsofaffin Corolla da Starlet da Hilux suna da murfi mai ɗaukar matsi tsakanin bar 0.9 da 1.1, an rubuta lambar a kansa. In robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri ya fice ta ƙaramin tiyo. A sayi mai lamba iri ɗaya. Wanda ya fi ƙarfi yakan fasa tsohon lagireto.

Sai tiyo, na sama da na ƙasa da ƙananan da ke shiga cikin mota. A matsa kowanne da hannu. Wanda ya bushe ya yi tauri kamar ice, ko ya kumbura ya yi laushi saboda baƙin mai ya jiƙa shi, ya gama aiki. Sun fi tsagewa daf da zoben da ke ɗaure su. In tsagar a baki take, ana iya yanke santimita biyu a mayar don a kai gida, amma wannan dabarar hanya ce. Wajen sa sabo a goge bakin ƙarfen da takardar yashi har tsatsa ta fita, a sa sabon zobe a bayan tudun bakin, kada a ɗaure da waya ko robar taya.

Lagireto iri biyu ne a motocin da ke yawo a nan. Na tagulla, irin na Peugeot 504 da tsofaffin Land Cruiser, mai walda yana iya like shi da dalma ya daɗe. Na alminiyom mai kan roba yakan tsage a wuyan tiyo ko a layin da robar ta haɗu da ƙarfe, kuma gam ba ya riƙe shi da zarar ya yi zafi. Wannan canzawa ake yi. Ƙwai da garin barkono da sabulu da wasu ke zubawa ciki suna toshe ramin na kwana biyu, su kuma toshe siraran hanyoyin ruwa har abada. Mu daina.

Famfon ruwa, wanda ke zagaya da ruwa cikin inji, yana da ɗan rami a ƙasansa. In ruwa ko tabo na fitowa daga nan, robar cikinsa ta mutu. A kashe inji, a kama kan famfon a girgiza. In yana motsi ko yana ƙugi lokacin aiki, a canza shi duka, a kankare tsohon gaskit (shimfiɗar da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo) tsaf kafin a ɗora sabo. A injin da bel ɗin taimin (bel mai haƙora da ke daidaita aikin inji) ke juya famfon, a canza su tare, don wahalar kwancewar ɗaya ce. A kuma leƙa gefen inji, akwai faya-fayan ƙarfe masu kama da kwabo da aka toshe ramuka da su. Ruwan rijiya yakan cinye su daga ciki. In tabarmar ƙafar fasinja na jiƙe, ƙaramin lagireto na ɗumama ciki ne ya huje. Ana iya haɗa tiyonsa biyu da guntun bututu a tsallake shi.

In duk an duba ba a gani ba, makanike ya ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, ya hura har matsin da ke rubuce a murfi, a jira minti goma zuwa sha biyar. In allurar famfon gwajin ta sauka kuma waje a bushe, to cikin inji ruwan yake shiga. Alamun lalacewar gaskit ɗin kan inji, wanda makanikai ke kira juwan kilas, su ne farin hayaƙi mai kauri a salansa bayan inji ya yi zafi, kumfa mai tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. A nan kada a ƙara tuƙa motar. Sai an cire kan injin, an auna shi ko ya lanƙwashe, an goge shi a wurin masu injin gogewa, sannan a ɗaure kusoshi bi da bi daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo. Wanda ya ɗora sabon gaskit a kan lanƙwasasshen kai zai sake kwancewa ba da daɗewa ba.

Bayan gyara a wanke hanyar ruwa har abin da ke fitowa ya yi fari. Ƙananan motoci suna cin lita biyar zuwa bakwai. A haɗa rabi maganin sanyaya inji, rabi tataccen ruwa irin na ƙara wa batir, a tabbata ba mai asid ba ne. In kuma an sayi haɗaɗɗe, a zuba shi yadda yake. Ko da ba mu da sanyin da ke daskarar da ruwa, ana bukatar maganin, don shi ne ke hana tsatsa. A zuba a hankali, a tada inji murfi a buɗe, a jira tamostat, wato bawul ɗin da ke sakin ruwa zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ya buɗe wajen digiri 82 zuwa 88, tiyon sama ya yi zafi, kumfa ta ƙare, a cika a rufe. Iskar da ta maƙale a ciki takan sa allurar zafi ta hau ko babu yoyo. Kada a cire tamostat da sunan maganin zafi. In ya lalace a sa sabo. A wanke ƙurar hunturu daga haƙarƙarin lagireto ta baya, a tabbata fanka na tashi.

Tsohon ruwan a tare shi a jarka a rufe. Yana da zaƙi kuma guba ne, akuya ko yaro in ya sha yana lalata ƙoda. Kwana uku a jere a duba matakin ruwan da sassafe kafin a tada mota, a kuma sake ɗan matse zobban tiyo, don sabuwar roba takan zauna bayan zafin farko.